Sifika Shida da Sallamar Kawu Ilu

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, da fatan kun sauka lafiya kai da amarya Zulai. Allah ya sa kun shiga ɗakin nan na Rijiyar Zaki a sa'a, ya tsare ku daga sharrin hanya da na mugun zama, ya sa aikin haɗa sola da ka samu ya zame maka ƙofar alheri. Innarku tana gaishe ku.

Ba labarin gida ne ya sa ni ɗaukar biro ba, don shekaranjiya ka baro shi, ka kuma san yadda ka baro shi. Tambayarka ce ta hana ni sukuni. Kana ɗaure katifa a saman mota, direba yana ta danna hon, sai ka juyo ka ce mini, "Baba, maigidana ya ce zai haɗa mini kayan sauti na falo, wai in zaɓa, sifika biyar da wufa ko bakwai da wufa. Wanne zan ce?" Kafin in buɗe baki mota ta tashi. Da ƙafata ta da ce, da na bi ku har bakin titi ina ba ka amsa ta taga.

Ka san shekara nawa na yi ina jiran wani cikin 'ya'yana ya yi mini irin wannan tambaya? Yayyenka, ɗaya ya riƙe garma, ɗaya ya riƙe keken ɗinki, in suka ga na buɗe akwatin wayoyina sai kowa ya tuna yana da uzuri. Alhali daga Dawakin Tofa har ƙauyukan da ke bayanta, da wuya ka sami walimar sauka ko ɗaurin aure da ba ni na ɗaura wa lasifika ba, har sunan mahaifina ya ɓace, kowa sai Audu Sifika. Ranar nan na koma cikin gida bakina har kunne, na ce wa Innarku yaro ya gado ni. Ta ce Allah ya sa kada ya gaji har da haukar. Na so in ji haushi, amma ta fi ni gaskiya, shi ya sa na zauna rubutu.

Gara in faɗa maka abin da nake tsoro tun daga farko. Ina tsoron ka cika ɗakinka da sauti har ka daina jin wanda yake tsaye a ƙofarka. Ni na taɓa yin haka, kuma har yau ban gama biyan baƙin cikinsa a zuciyata ba. Zan zo kansa. Bari in fara da ƙananan wautata, masu ban dariya, don su ma akwai darasi a cikinsu.

Farkon abin, an kira ni birni in gyara wayar kayan sauti a gidan wani Alhaji. Da na gama sai ya ce in zauna in gwada. Ya saka wani fim na yaƙi. Nasiru, jirgin sama ya taso daga gabana, ya bi ta saman kunnena na dama, ya wuce ta bayan ƙeyata, sai ga ni na sunkuya har hulata ta faɗi. Iyalan gidan suka yi ta dariya, ni kuwa ko a jikina, don na ga abin da ban taɓa gani ba. A motar dawowa ban san sanda muka iso ba, lissafin yadda zan sa jirgi ya tashi a ɗakina na ƙasa kawai nake yi.

Abin da nake da shi a lokacin wata tsohuwar amfilifaya ce, na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai baki biyu, hagu da dama. Ni kuwa a ganina yawan sifika shi ne sirrin. Na shiga tara su. Na ciro daga matattun rediyoyi, na samo biyu daga ƙofar wata tsohuwar mota, ɗaya daga talabijin ɗin da ya fashe, har suka kai takwas. Na murɗe wayoyinsu wuri guda na cusa a bakin nan biyu, na jera su kewaye da ɗaki, sannan na gayyato abokaina bayan la'asar, na tayar da ƙaramin janareta ina tafiya ina bunƙasa. Da na kunna, ƙara kam akwai ta, amma duk takwas ɗin abu ɗaya suke faɗa a lokaci ɗaya, kamar mata takwas suna ba ka labari guda. Jirgin bai tashi daga ko'ina ba, bai kuma je ko'ina ba. Ina cikin yi wa mutane bayanin cewa sai kunne ya saba, sai muka ji ƙaurin roba, hayaƙi ya fara fitowa ta bayan amfilifaya. Tanko mai shayi ya tashi ya kakkaɓe riga, ya ce shi dai ya ga hayaƙin jirgin, saura jirgin. Shekara guda ana tsokanata da wannan magana a majalisa.

To ka ji ta farko. Kafin ka ƙirga sifika, juya na'urar ka ƙirga bakunan da ke bayanta. Kowane baki da aikinsa, kuma sifika ɗaya yake so. Biyun gaba, hagu da dama, su ne shanun noma, su ke jan kusan komai. Ta tsakiya, wadda ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin, ita ke ɗaukar maganar mutane, kuma in ta yi rauni za ka wuni kana tambayar Zulai me aka ce. Wufa ita ce mai gurnanin nan da ake ji a ƙirji. Na gefe da na baya kuwa aikinsu kaɗan ne, ruwan sama, kukan tsuntsu, wucewar mota. Su ne suka fi burge baƙo, su ne kuma suka fi zaman banza. Sannan kai ka fi ni sanin batir, tunda aikinka ne. Kowace sifika baki ce da ke ci daga gare shi, ga shi a shekarun nan wutar layi sai ta ga dama take leƙowa, fetur kuwa ya zama abin da ake shinshinawa daga nesa. Kada ka sa amarya ta kwana da zafi babu fanka saboda tsuntsu ya yi kuka a bayan kujera.

Wauta ta biyu ta zo bayan da na waye. Lokacin kana rarrafe. Na sami saiti na gaske wajen wani mai gwanjo, biyar da wufa, shida ke nan, da na'urarsu mai baki shida. Ragon da nake kiwo na ba shi, ya ba ni su. Innarku ta dubi turken ragon, ta dubi kwalin da na shigo da shi, ta juya ta koma wajen girkinta. Ni kuwa ranar ko abinci ban iya ci ba don murna. Na goge su da gefen rawanina ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai hannuna ya saba da masallaci da filin walima, inda ake ɗaga lasifika sama don ta kai nesa. Na hau turmi na kafa ƙusoshi can kusa da rufi, na rataye biyar ɗin duka. Na manta mu a tabarma muke zama. Sauti ya riƙa wucewa ta saman kawunanmu yana dukan kwanon rufi, kwano yana amsawa, mu a ƙasa muna ta ɗaga kai kamar masu duban wata. Wufa kuma, da na rasa inda zan sa ta, na tura ta jikin kabad ɗin jeren Innarku, inda tasoshi da samirun aurenta suke a jere tun daga ƙasa har sama. Da farko rawa kawai suke yi a hankali, ina ma jin daɗi, ina cewa ga shaidar ƙarfi. Ban lura suna matsowa baki kaɗan-kaɗan ba. Da aka harba wata babbar bindiga a fim ɗin, sai jere ya taho gaba ɗaya. Ƙarar da ya yi ta fi ta bindigar. Kai ka tsala kuka, kaji suka watse a tsakar gida, wata tasa mai fure da kakarka ta wajen uwa ta ba ta ta ɓantare a baki. Tana nan har yau, ita ce wadda ake zuba gishiri. Kwana uku ina cin tuwo ba a ce mini sannu ba.

Mahaifiyata ma, Allah ya jiƙanta, ba ta tsira ba. Bayan na sauko da su daidai kunne, wata rana ta shigo ta zauna kusa da sifikar baya. Ana tsakiyar rani, rana ƙwal. A fim aka fara ruwa. Sai kawai tsohuwa ta miƙe da saurin da ban san tana da shi ba, ta fita tana kiran a zo a kwashe shanyar barkono. Da ta ga sama tas babu ko gajimare, ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce mini in wannan abin zai iya kawo ruwa, in kai shi gona, in kuwa ba zai iya ba, in daina tayar wa mutane hankali. Ranar na yi dariya har da hawaye, kuma a ɓoye na ji daɗi, don jirgina ya tashi ke nan.

Ga abin da za ka ɗauka daga nan. Zauna inda kuke zama da gaske, in kujera ce kujera, in darduma ce darduma, ka sa sifikokin gaba daidai kunnenka. Ka tambayi Zulai kafin ka kafa ƙusa ko ɗaya, don falon nan kayanta ne a ciki, kai baƙo ne mai biyan haya. Wufa kada ta jingina da kabad, kada kuma ta jingina da bangon da kuka haɗa da maƙwabta, don gurnaninta ba ya sanin iyaka, ta cikin bulo yake bi. Ɗakinmu na ƙasa yana shanye sauti, naku na siminti da tayil mayar da shi zai yi, saboda haka labule mai kauri da darduma za su yi maka aikin da ƙarin sifika biyu ba za su yi ba.

Batun bakwai kuwa, ka cire shi daga ranka. Bakwai tana son fili a bayan mai zama, taku uku ko huɗu. Na san ɗakunan hayar unguwar nan, na ɗaura waya a cikinsu, kujera manne take da bango. Ina za ka sa biyun baya, a ɗakin maƙwabci? Kuma waɗanda suka ƙera abin nan sun ƙera shi ne don mutum ɗaya da zai zauna a tsakiya shi kaɗai. Mu wa yake zama shi kaɗai? Yau ƙannen Zulai, gobe abokan aikinka, jibi 'yan ƙauye sun kawo mara lafiya asibiti sun sauka wajenka. Wani yana jikin bango, wani yana bakin ƙofa. Wanda ya faɗa kusa da ta baya zai tashi bai ji komai ba sai kukan tsuntsu.

Yanzu bari in faɗa maka wadda ba ta da dariya. Ban taɓa ba ku labarinta ba, Innarku kaɗai ta sani.

Kawu Ilu ƙanin mahaifiyata ne, yana zaune a wani ƙauye ta wajen Shanono. Ba ka san shi ba. Shi ya riƙe ni shekara huɗu bayan rasuwar mahaifina, shi ya fara ba ni mataccen rediyo ya ce in buɗe in ga abin da ke ciki. Mutum ne mai kunya da riƙe kai, yana da shanun huɗa biyu da yake ji da su kamar 'ya'yansa. A shekarar da nake ba ka labari ruwa ya ɗauke musu da wuri, gero ya tsaya bai yi ido ba. Mu nan mun ɗan samu, rumbuna kuma akwai ragowar bara. Na ji labarin halin da suke ciki, na ce zan je in duba su, sai yau sai gobe, hankalina yana kan sifikokina.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Innarku ta tafi gidan barka tare da ku duka. Na samu gida ba kowa, na ce yau zan ji ƙarshen ƙarfin abin nan. Na tayar da janareta a bayan ɗaki, na rufe ƙofa, na saki labule, na murɗa sauti har ƙarshe, na zauna a tsakiya ni kaɗai kamar yadda aka tsara. Ban taɓa jin daɗin sauti irin na ranar ba, ba zan ɓoye maka ba.

Sai bayan mako biyu Iya mai daddawa, tsohuwar da ke zama a ƙofar gidan da ke kallon namu, ta ce mini ashe kawuna ya rame haka. Na ce wane kawu, a ina ta gan shi. Ta ce ai ranar Juma'ar nan ya zo a kan keke, da buhu a naɗe a bayan sirdi, ya jingine keken ya shiga zaure. Ta ji ya yi sallama, ya jira, ya sake, ya jira, ya yi ta uku. Can ya fito ya tsaya jim, ya hau kekensa ya juya. Ita ta ɗauka mun gana.

Ka san ƙa'ida, sallama uku ce, in ba a amsa ba sai ka koma. Kawu yana da ikon ya shigo har tsakar gida ya buga mini ƙofa, gidan ɗansa ne. Amma wanda ya zo da buhu a naɗe ba ya kutsawa, ba ya kuma ɗaga murya. Yana jin ƙara a ciki, ya san ina nan.

Washegari da sassafe na ɗaura gero buhu biyu a babur ɗin aro na kama hanyar Shanono. Da na isa, abin da na fara gani shi ne turke ɗaya babu sa. Ya sayar da guda ya ciyar da gida, kuma ka san sa ɗaya ba ya jan garma. Ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi kowa da sunansa har kai. Na durƙusa ina rantsuwa cewa ban ji shi ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Na sani, Audu. Ni ai na ji ku. Tashi, ba komai."

Ya karɓi geron, ya sa mini albarka, ya raka ni har bakin hanya. Na yarda ya yafe mini, don ba mutum ne mai magana biyu ba. Amma noman da ya biyo baya da fartanya ya yi shi, yana da shekara kusan saba'in, kuma har ya koma ga Allah bai sake taka ƙofar gidana ba. In na gayyace shi suna ko biki sai ya aiko da goro da uzuri. Ni nake zuwa. Duk sanda na je, idona ba ya sauka ko'ina sai kan turken nan. Abin yana ci mini rai har gobe, Nasiru, kuma ina rubuta maka wannan ne idona yana kawo ruwa.

Da na dawo ban fasa kayana ba, ban kuma rantse na bar sauti ba, don ba laifin sifika ba ne. Na cire biyun baya, waɗanda suke tsakanina da ƙofa, na kai wa makarantar allon unguwarmu suna amfani da su ranar walima. Na matsar da janareta nesa da zaure. Ragowar ukun da wufa su ne kuka tashi kuna ji, kuma ban taɓa jin ɗayanku ya ce wani abu ya ragu ba.

To ga amsarka. Ka ce wa maigidanka uku da ƙaramar wufa, hagu da dama da tsakiya, kuma ya zaɓo maka masu kyau iri ɗaya maimakon tarkace masu yawa. Wallahi za su ba ka mamaki, ina ma ɗokin jin su. In Allah ya buɗa ka koma falo mai faɗi, ka ƙara biyun gefe, ni da kaina zan zo in ja maka waya. Amma ko nawa ka sa, kada ka yarda da ƙirgena, ka yi wannan gwaji. Ka kunna, ka murɗa daidai yadda ranka yake so, ka zauna. Ka roƙi Zulai ta fita har ƙofar gida ta waje, ta yi sallama, ba da ƙarfi ba, da muryar mai jin nauyi. In ka ji ta, adadinka ya yi. In ba ka ji ba, ka rage ƙara, in ya ƙi ka cire sifika, ka bar ƙofar falo a buɗe, ka sake gwadawa har sai ka ji.

Ina matsa maka ne don shekarun nan sun koma irin waccan, har sun fi ta. Taki ya gagari mutane, gidaje da yawa a nan sau ɗaya ake ɗora tukunya, kuma duk ƙauyen nan an san ɗan Audu ya sami aiki a birni. Za a zo maka. Masu baki za su kira ka a waya, su buga ƙofa, su jira ka a titi, waɗannan ba na jin tsoron ka rasa su. Wanda nake ji wa shi ne wanda zai yi kwana uku yana shawara kafin ya taso, ya iso ya tsaya a ƙofarka yana fatan ma kada kowa ya gan shi. Wannan sau uku zai yi, a hankali, kuma ba zai taɓa gaya maka ya zo ba. Yau ina da ƙarfina da ɗan abin da ke rumbuna, alhamdu lillahi. Amma tsufa yana tafe, kuma Kawu Ilu ne ya rene ni, halinsa na ɗauko. In wata rana ni ne a ƙofar, ka san ba zan yi ta huɗu ba.

Allah ya tsare ku fita da shiga, ya kare ku daga sharrin wuta da na ƙarfe a wajen aiki, ya zaunar da ku lafiya da maƙwabta, ya sa gidanku ya zama inda ake amsa wa mutane. Ka gaishe da amarya, ka gaishe da maigidanka. Allah ya yi muku albarka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Audu